Yadda Ake Zaɓen Manhajar Kashe Bairos Ta Kyauta Ga Kwamfutarka

Wata ranar Laraba bayan la'asar, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ta ajiye laftof a kan tebur ko jakarta ba ta sauke ba. Ta ce, "Malam, don Allah ka duba mani, kundin bincikena ya ɓace, kuma jibi zan kai wa malamina babi na huɗu." Na soka filashinta. Foldar kundin tana nan da sunanta, amma da 'yar kibiya a gindinta, alamar an ɓoye ainihin foldar an bar inuwarta. Na duba ƙasan allon ta dama, inda agogo yake, na tarar da manhajojin kashe bairos har guda uku jere. Ɗaya wa'adinta ya ƙare, ɗaya rabonta da sabuntawa ya haura shekara, ta ukun kuma ban taɓa jin sunanta ba. Wanda ya yi mata fomatin ne ya loda mata su, ya ce mata yawansu shi ne tsaro.

Irin wannan ina ganinsa kusan kowane mako. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, manhaja ɗaya mai rai, wadda ke sabunta kanta, ta fi tarin manhajojin da suka yi barci. Kuma ga mafi yawanmu, wannan ɗayar tana cikin kwamfutar tun asali, ba sai an sauko da komai ba.

Mataki na farko: san kwamfutarka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka tambayi wace manhaja ce ta fi, ka san wace irin Windows kake da ita. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito, rubuta winver ka danna Enter. Za ta faɗa maka ko 7 ce, ko 8.1, ko 10, ko 11.

Amsar nan ita ce ke raba hanya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya daina kula da 8.1 ranar 10 ga Janairun 2023, ita ma Windows 10 kulawarta ta yau da kullum ta ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da kamfanin ya buɗe. Daina kulawa na nufin in aka gano wata ɓaraka a jikin Windows ɗin, ba mai toshe ta. Manhajar kashe bairos maigadi ce a bakin ƙofa, ba magini ba ce, in katanga ta zube ba za ta tayar da ita ba. Yawancin laftof ɗin hannu da ake kawo mana nan Katsina tsofaffi ne, wasu ba za su ɗauki Windows 11 ba, don tana neman aƙalla RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai gigabait 4 da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. In taka za ta ɗauka, matsa gaba. In ba za ta ɗauka ba, to kada ka mayar da ita wurin shiga asusun banki.

Sai ka duba ƙarfinta. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga sashen Performance, za ka ga yawan RAM da irin faifan ajiyarta. Mai gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa ba ta son kaya mai nauyi. In ka ɗora mata manhaja mai tarkace da yawa, za ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba.

Mataki na biyu: duba wanda ke gadi yanzu

A Windows 10 da 11 akwai manhajar kamfanin da kansa, Microsoft Defender. Danna Start ka rubuta Windows Security, ka buɗe, ka shiga Virus & threat protection. A nan za ka ga wanda ke riƙe da ƙofar. In Defender ce, za ka ga alamar kore da ranar da ta yi bincike na ƙarshe. In wata manhaja ce daban, sunanta zai fito, domin ita Defender ɗabi'arta ce ta ja da baya da zarar an girka wata.

Hatsarin yana nan ne. Laftof da yawa suna zuwa da manhajar gwaji ta wata ɗaya. In watan ya cika ta daina aiki sosai, sai ta koma roƙon kuɗi, wani lokacin kuma ba ta sakar wa Defender wurin ba. Mai kwamfuta yana ganin tambari a ƙasan allo yana zaton a tsare yake. Akwai kuma wadda aka kashe da gangan: wasu masu fomatin sukan kashe Defender don ta bar su su saka manhajojin da aka fasa, daga nan su manta, ko su ƙi, mayar da ita. In ka ga rubutu ja, ko ka ga maɓallan sun dushe ba sa dannuwa, an taɓa ta.

Mataki na uku: shin kana bukatar wata ma?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. In Windows 10 ko 11 gare ka ta gaskiya, aikinka bai wuce rubutu da Word, da imel, da kallon YouTube da Facebook ba, Defender ta ishe ka. A shekarun baya an raina ta, kuma da dalili, amma ta daɗe da gyaruwa. Ba ta talla, ba ta neman katin banki, wa'adinta ba ya ƙarewa, kuma tana sabunta kanta tare da Windows.

Kada ka tsaya a maganata. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada waɗannan manhajoji da bairos na gaske. Biyu da na fi dubawa su ne AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki shida-shida a fanni uku: ƙarfin kariya, rashin nauyaya kwamfuta, da rashin yi wa fayil mai lafiya ƙazafi. Jimilla 18. Shiga shafinsu, zaɓi masu amfani na gida da Windows, ka duba sakamako mafi sabunta. Kada ka dubi wata ɗaya kawai, koma baya zagaye uku ko huɗu ka ga wadda ta dage. Kuma ka tabbata sigar kyauta aka gwada, ba mai kuɗi ba, don sunayen sukan yi kama.

Fanni na uku ɗin nan mutane ba sa kula da shi, alhali yana da muhimmanci. Manhajar da ke ihu a kan komai, ƙarshenta mai kwamfuta ya gaji ya kashe ta.

Wanda nake ba shawarar ya duba wata daban shi ne mai shagon buga takardu, wanda filashi talatin ke shiga kwamfutarsa a wuni, da gidan da yara ke sauke wasanni daga ko'ina, da mai tsohuwar Windows da ba ta da Defender ta zamani.

Mataki na huɗu: su wane ne a kasuwar

Avast da AVG asalinsu daga Jamhuriyar Cek suke. Avast ta sayi AVG a 2016, kuma injin bincikensu ɗaya ne, saboda haka wanda ya girka su biyun wai don ƙarin tsaro ya sayi abu ɗaya sau biyu. Suna kama bairos sosai, amma suna da yawan tallar sigar kuɗi. Akwai kuma abin da ya kamata ka sani: a 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshenta mai suna Jumpshot, wanda aka rufe a farkon 2020. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka zaɓe ta, shiga saitin sirri ka cire duk alamar yarda da raba bayanai.

Avira daga Jamus take, kuma yanzu ita da Avast da AVG da Norton duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital. Tana aiki, sai dai tana zuwa da 'yan rakiya da yawa.

Bitdefender ta Romaniya ce. Sigarta ta kyauta ba ta da surutu, ba ta da maɓallai barkatai, ka girka ka manta. Za ta nemi ka buɗe asusu da imel kafin ta fara. Ga wanda ba ya son a dame shi, ita nake fara ambata bayan Defender.

Kaspersky ta Rasha ce, ta daɗe tana samun maki mai kyau a gwaje-gwaje. Gwamnatin Amurka ta haramta sayar da ita a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro, kamfanin kuma ya musanta zargin. Haramcin na can ne, amma in kana aiki da wata ƙungiya ta waje, tambaye su tukuna.

Malwarebytes ta kyauta wani abu ne daban. Bayan kwanakin gwaji sun ƙare ba ta gadi, sai ka kira ta ta yi bincike. Wannan ne ma amfaninta: tana zama lafiya da Defender, kuma gwana ce wajen kakkaɓe tarkacen talla da ke maƙalewa a burauza.

Sai Smadav, wadda ba kwamfutar da za ka buɗe a shagunan bakin makarantu ba ka ga koren tambarinta ba. Daga Indonesiya take. Masu ita da kansu sun ce ƙarin kariya ce, musamman ga filashi, ba babbar manhaja ba. Ba laifi ka ajiye ta don filashi. Laifin shi ne ka kashe babbar ka dogara da ita kaɗai, kuma na ga mutane da yawa sun yi haka.

Wajen zaɓe, ka yi wa kowace tambaya huɗu. Tana gadi a kowane lokaci ko sai an kira ta? Kyauta ce ta dindindin ko gwaji ne da zai ƙare? Kwamfutata za ta iya ɗaukar ta? Me take karɓa daga gare ni a madadin kuɗi? Duk wadda ta ce sai ka saka lambar katin ATM kafin ka fara "kyauta", rabu da ita.

Mataki na biyar: sauko da ita daga gidanta

Nan ne aka fi cutar mutane. Ka rubuta sunan manhaja a Google, sakamakon farko sau da yawa talla ne, wani lokacin na 'yan damfara da suka kwaikwayi shafin. Rubuta adireshin da hannunka: bitdefender.com, avast.com, avg.com, avira.com, malwarebytes.com. Dubi harufan ɗaya bayan ɗaya kafin ka danna komai.

Kada ka karɓi manhajar kashe bairos daga filashin wani, kada ka karɓa ta WhatsApp ko Telegram, kuma ka guji duk wadda aka ce maka "mai kuɗi ce amma an fasa ta". Ka yi tunani: ka ɗauko maigadi daga hannun wanda sana'arsa fasa ƙofa. Akwai wani dangin bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce manhajojin da aka fasa. Yana kulle hotuna da takardu, ya canza ƙarshen sunayensu, ya bar wasiƙar neman kuɗin fansa. An taɓa kawo mani kwamfutar wani mai ɗaukar hoton biki da wannan ya kama, hotunan aure uku a ciki da bai kai wa masu su ba. Ya zauna a bencin shagona ya fi awa bai ce uffan ba. Ban iya dawo masa da su ba.

Haka nan in kana cikin intanet wani shafi ya yi tsalle ya ce an gano bairos biyar a kwamfutarka, danna nan, ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya binciken kwamfutarka. Rufe shi. In saƙon ya ci gaba da fitowa ta gefen allo, shiga saitin burauzarka wajen sanarwa ka cire izinin da ka ba shafin.

In kana shakkar wani fayil, akwai virustotal.com, mallakar Google, inda manhajoji da dama za su duba shi a lokaci ɗaya. Amma kada ka ɗora takardar sirri a can, don abin da aka ɗora masu bincike na iya ganinsa.

Mataki na shida: fitar da tsohuwa kafin sabuwa ta shiga

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Manhajoji biyu masu gadi za su riƙa cafke fayil ɗaya a lokaci ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokacin ta sandare. Sauko da sabuwar ka ajiye, sannan ka shiga Settings, sashen Apps, ka cire tsohuwar, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. In ta ƙi fita, manyan kamfanonin suna da 'yar manhajar share saura a shafinsu: ta McAfee sunanta MCPR, ta Avast kuma Avast Clear.

Wajen girkawa kada ka yi ta danna Next ido rufe. Nemi inda aka rubuta Customize ko Custom, ka cire alamar da ke kan ƙarin burauza, da mai "ƙara gudu", da mai sabunta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta. Gadi kawai ka zo nema. Ka yi wannan aiki lokacin da batir ya cika ko wuta ta tsaya, don girkawar da ta katse a tsakiya takan bar matsala.

In kuwa Defender ka zaɓa, aikinka cirewa ne kawai. Da zarar sauran sun fita za ta dawo bakin aiki. Koma Windows Security, sashen Virus & threat protection, shiga Manage settings ka tabbata Real-time protection da Cloud-delivered protection da Tamper Protection duk a kunne suke. Na ƙarshen shi ke hana bairos kashe ta ta bayan gida. Ka leƙa Exclusions ma, wato jerin wuraren da aka ce kada ta duba. In ka tarar an saka faifan C gaba ɗaya a ciki, wani ne ya ɗaure mata ido, goge shi.

Mataki na bakwai: sabuntawa, ko da data ta yi tsada

Na san dalilin da ya sa mutane ke kashe sabuntawa. Ka sayi data ta mako, ka haɗa laftof da wayarka, kafin ka ankara Windows ta shanye. Amma manhajar da ba ta sabunta ba, ɓarayin bara kawai ta sani. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya bazu a ƙasashe fiye da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha.

Ga dabara. Saita haɗin wayarka a matsayin Metered connection cikin saitin Wi-Fi, don manyan kaya su dakata. Sannan duk kwana biyu ko uku ka shiga Protection updates a cikin Windows Security ka danna Check for updates da kanka, wannan ba ya cin data sosai in kana yi a kai a kai. Manyan sabuntawar Windows kuma ka bar su sai ka sami garaɓasar dare ko intanet ɗin ofis, amma kada wata ya wuce. Ga kwamfutar da ba ta shiga intanet sam, kamar ta shagon buga takardu, Microsoft tana ajiye fayil ɗin sabuntawa mai suna mpam-fe.exe a shafinta. A sauko da shi a wata kwamfuta, a kawo a filashi mai tsabta a danna.

Mataki na takwas: gwada, sannan ka yi bincike na farko

Akwai fayil ɗin gwaji marar cutarwa mai suna EICAR, 'yan harufa 68 ne kacal, wanda kamfanoni suka amince manhajojinsu su ɗauke shi kamar bairos. Shiga eicar.org ka gwada sauko da shi. In manhajarka ta cafke shi nan take, tana farke. In ya sauka lafiya ba wanda ya ce komai, koma mataki na biyu.

Daga nan ka yi Full scan sau ɗaya. Yana iya cin awa biyu ko fiye a tsohuwar kwamfuta, saboda haka ka sa shi bayan isha'i, a kan tebur ba kan katifa ba, don fanka ta sami iska, musamman lokacin zafin Afrilu ko in ƙurar hunturu ta toshe ta. In kana zargin wani abu ya riga ya yi kaka-gida, zaɓi Offline scan na Defender. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike kafin Windows ta buɗe, kimanin minti 15, lokacin da bairos bai sami damar ɓuya ba. Abin da aka kama, bar shi a Quarantine, wato killacewa, na 'yan kwanaki kafin ka goge, ko da an yi kuskure.

Mataki na tara: filashi

A garin nan ta wannan ƙofa cuta ta fi shigowa. Filashi ɗaya zai je shagon buga takardu da safe, ya shiga kwamfutar ofis da rana, ya kwana a laftof ɗin gida. Kashe AutoPlay a Settings. A cikin File Explorer, sashen View, kunna File name extensions don ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil. Takardar da sunanta ya ƙare da .exe ko .vbs ko .scr ba takarda ba ce. Duk filashin da ya dawo daga waje, kada ka buɗe shi, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi a bincika tukuna. Inda hali, tura wa mai shago takardar ta imel ko WhatsApp a matsayin PDF, filashinka ya zauna a aljihu.

In kuma ya riga ya kamu, foldoji sun koma masu kibiya kamar na ɗalibar nan, kada ka danna su, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin, kuma kada ka yi gaggawar fomatin. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Fara bincike da manhajarka ta cire cutar daga kwamfutar da filashin. Sannan ka duba harafin filashin, a ce E ne. Danna Start ka rubuta Command Prompt, ka buɗe shi, ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Danna Enter ka ɗan jira. Foldojin gaskiya za su bayyana, wani lokacin a cikin wata folda marar suna. Kwashe su zuwa wuri mai tsabta, ka goge masu kibiyar, sannan ka yi wa filashin fomatin.

Haka na yi mata. Na cire manhajoji ukun nan, na tayar da Defender, na sabunta ta da datar wayata, ta kamo abin da ke ɓoye. Da foldar ta fito ta buɗe babi na huɗu ta ga teburorinta cif, ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, Allah Ya saka da alheri." Kafin ta tashi na sa ta buɗe Google Drive ɗinta, wanda ke ba kowane mai Gmail gigabait 15 kyauta, ta ɗora kundin gaba ɗaya a gabana, ta kuma tura wa kanta kwafi ta imel. Na ce mata duk daren da ta ƙara ko shafi ɗaya ne, ta sake ɗorawa kafin ta rufe laftof ɗin, ta sa kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin don ta san wanne ne na baya-bayan nan.